Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Ɗaure Igiyoyin Ƙaramin Jirgin Yaƙi Na Katako



TAMBAYA: Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, malamin koyar da aikin kafinta a Kaduna. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Ingila ya kawo masa tsarabar kwali guda cike da yankakkun katako da zare da takardun zane, na harhaɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙin nan mai suna Victory. Ya shafe wata 8 yana aikin gangar jikin jirgin, ta kuwa yi kyau. Amma da ya zo kan igiyoyi sai ginshiƙin tsakiya ya karkace, zare ya sarƙe, har yana tunanin sa almakashi ya datse duka ya bar jirgin haka nan. Yana so ya san dalilin da ya sa igiyoyin suka yi yawa haka, da kuma inda ake farawa.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Ajiye almakashin nan tukuna, ka ba mu aron kunnuwanka.

Da farko dai ya kamata ka san jirgin da kake kwaikwayo. An fara ƙera Victory a garin Chatham na Ingila a shekarar 1759, aka saka shi a ruwa a 1765. Ya ci itatuwa wajen 6,000. Shi ne jirgin da Admiral Nelson yake ciki ranar 21 ga Oktoba, 1805, a yaƙin Trafalgar, inda jiragen Ingila 27 suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifen. A ranar yana ɗauke da igwa 104 da mutane kimanin 820. Ingila ta yi nasara, amma Nelson bai ga ƙarshen ranar ba, domin wani sojan Faransa ya harbe shi daga saman ginshiƙin jirginsu. Tun 1922 Victory yake ajiye a busasshiyar tasha a Portsmouth, mutane na zuwa kallo. An sauke sassan sama na ginshiƙansa a 2011, aka cire gindin babban ginshiƙin a 2021 saboda gyara. Don haka idan ka ga hotonsa na bayan waɗannan shekaru babu igiyoyi, kada ka yi koyi da shi. Bi takardar zanenka.

Jirgin ba shi da inji, iska ce kawai take tura shi. Yana iya ɗaga filafilai har 37, kuma kowanne sai an ɗaga shi, an juya shi, an naɗe shi da igiya. Shi ya sa igiyoyinsa, in an jera su baki da baki, suka kai kilomita 42, suna bi ta cikin 'yan tayoyin katako 768, irin wadda ake sawa a bakin rijiya don sauƙaƙa jan guga. Mayaƙan Faransa sun san haka sarai, shi ya sa sukan auna ginshiƙai da igiyoyi da igwa, domin jirgin da aka tsinka wa igiya ya zama gurgu. Bayan Trafalgar sai da wani jirgi ya ja Victory zuwa Gibraltar. Ɗaya daga cikin filafilansa na wannan rana yana nan an adana shi, da huji kusan 90 a jikinsa.

To, duk yawan nan nasu, igiyoyin iri biyu ne kacal. In ka gane wannan, ka ci rabin aikin.

Iri na farko su ne igiyoyin tsaye. Aikinsu riƙe ginshiƙai uku da sandar goshin jirgi, kamar yadda ake ɗaure turken rumfa ta kowane gefe don kada iska ta kayar da shi. Ba a jan su, ba a sassauta su sai in za a gyara. Ana tufka su da wata irin rama ta ƙasashen Turai, a shafe su da baƙin danko mai kama da kwalta don kada ruwan gishiri ya ruɓar da su. Saboda haka a samfurinka za ka yi su da baƙin zare, ko ruwan ƙasa mai duhu ƙwarai.

Iri na biyu su ne igiyoyin ja. Su ne ma'aikatan jirgi ke ja dare da rana don sarrafa filafilai da sandunan gicciye da ake rataye filafilan a jikinsu. Tunda dole su riƙa sulɓewa cikin tayoyi, ba a lafta musu danko. Su kuma sai ka yi su da zare mai launin rama.

Sai maganar kauri, wadda nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Ba ka faɗa mana ma'aunin naka ba, to bari mu ɗauki 1 bisa 72, wato kowane abu na jirgin gaske an rage shi sau 72. A wannan ma'auni, kilomita 42 ta koma mita 580 da 'yan kai na zare. Sojan ruwan Ingila na wancan zamani suna auna igiya ne da kewayenta, ba da kaurinta ba. Don haka in ka ga an rubuta igiya inci 19, kamar wadda take riƙe babban ginshiƙi ta gaba, sai ka raba da 3 da ɗan ɗori ka sami kaurinta, wato wajen inci 6, ko milimita 154. Raba wannan da 72, ka ga zarenka zai zama milimita 2. Igiyar inci 3 kuwa, kashi ɗaya cikin uku na milimita ce. Idan kana so ka san kaurin zaren da ke hannunka, naɗa shi sau 20 a jikin fensir, zagaye na manne da zagaye, ka auna da rula, ka raba da 20. Ka'idar ita ce, igiya tana sirancewa ne gwargwadon yadda take hawa sama. In kana shakka tsakanin zare biyu, ɗauki siririn. Zare mai kauri a ƙololuwar ginshiƙi yakan sa jirgi ya yi kama da abin wasan yara.

Kayan aikin ba su da yawa: matsefata, ƙaramin almakashi mai tsini, allura, guntun waya, kakin zuma, da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. Kafin ka yi amfani da zare, yanke shi ka rataya masa ɗan abu mai nauyi ya kwana, don ya gama miƙewarsa tun bai hau jirgi ba. Sannan ka ja shi sau ɗaya ko biyu a kan kaki kamar yadda dukawa suke yi, gashin jikinsa ya kwanta. Kada ka cika kakin, yana kama ƙura. Gam ɗin nan mai saurin kamawa kuwa, ka bar shi ga bakin zare kawai, ya sandare ya zama kamar allura don ya shige huji. In ka ɗiga shi a kan ƙulli, zaren yakan bushe ya karye daga baya, kuma ba ka da halin kwancewa.

Yanzu ga tsarin aikin. Ka riƙe abu biyu: daga ƙasa zuwa sama, daga ciki zuwa waje. Duk igiyar da ka ɗaura a waje tun da wuri, ita za ta tare maka hanyar hannu gobe.

Fara da sandar goshi. Ɗaure ta da goshin jirgi da naɗin igiya, ka sa mata igiyoyin da ke janyo ta ƙasa. Dalili kuwa, ginshiƙin gaba a jikinta yake dogara, in ba ta kafu ba sai ya ɗago ta sama.

Daga nan sai igiyoyin gefe na gindin ginshiƙai, waɗanda suke saukowa daga wuyan ginshiƙi zuwa gefen jirgi. A ginshiƙin gaba da na tsakiya sun fi 10 a kowane gefe. Bibbiyu ake sa su: zare ɗaya a ninka shi, a zura madaukin a wuyan ginshiƙi. Biyun farko su sauka dama, na biye su sauka hagu, a yi ta karɓa-karɓa haka har su ƙare. Muna kyautata zaton a nan ne ginshiƙinka ya karkace, domin duk wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan, sai ginshiƙi ya bi inda aka ja shi. Rataya allura a zare daga saman ginshiƙin, ka riƙa duban ta ta gaba da ta gefe bayan kowane ɗauri.

Kowace igiyar gefe tana ƙarewa ne da wani ɗan kewayayyen katako mai huji uku, akwai kuma ɗan'uwansa a kafe a gefen jirgi. Siririn zare ne yake bi ta hujojin shida ya haɗa su, da shi ake ƙara ɗauri ko a rage. Lanƙwasa guntun waya ka mai da shi ma'auni, don tazarar da ke tsakanin kowane biyu ta zama ɗaya, su jeru kamar haƙoran mataji. Kada ka ƙulle waɗannan siraran zaren yanzu. Bar bakinsu a sake har sai ka sa igiyoyin da ke jan ginshiƙai ta gaba, waɗanda madaukinsu yake hawa a kan na igiyoyin gefe. Sai ka daidaita duka gaba ɗaya, sannan ka ƙulle. Haka za ka maimaita a hawa na biyu na ginshiƙai, da na uku.

Sai tsanin igiya, wato 'yan siraran zaren da ake giciyawa a kan igiyoyin gefe, waɗanda ma'aikata suke takawa su hau sama. A jirgin gaske tazararsu ta ɗan haura ƙafa ɗaya, a naka kuwa milimita 5 ke nan. Ja layuka a kan farin kwali, ka sa shi a bayan igiyoyin ka riƙa bi. A kowace mahaɗa za ka yi ƙullin zagaye biyu, irin na ɗaure akuya a turke. Ba za mu ɓoye maka ba, ƙullin nan ya fi 1,000. Kada ka bi su a jere daga ƙasa. Yi ɗaya, ka tsallake huɗu, ka yi na gaba, daga baya ka dawo ka cike gurbi. In ba haka ba za su tsuke igiyoyin gefe, su yi ƙugu kamar kalangu. Yi layi biyar ko shida a rana ka tashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Bayan igiyoyin tsaye sun kammala, sai na ja. Ɗaura wa kowace sandar gicciye tayoyinta tun tana kan tebur, kafin ka hau da ita. Kowane zare ka bi shi a takardar zane daga inda ya taso har inda aka ɗaure shi a dandamalin jirgi, ka fara da waɗanda ke gindin ginshiƙi. Igiyoyin da ke juya sandunan dama da hagu su ne na ƙarshe, domin su suka fi fitowa waje. Game da filafilai, da yawa daga masu wannan aiki ba sa sa su, saboda yadi yakan yi kauri a wannan ma'auni, ga shi yana rufe wahalar da aka sha. In kana so, naɗe ɗan yadi marar nauyi a jikin sanda ya isa.

Akwai wani gargaɗi da takardar cikin kwalinka ba lallai ta yi maka ba, tunda ba don yanayinmu aka rubuta ta ba. Zaren auduga yana tsukewa in ya sha laima, ya saki in ya bushe. Wanda ya ɗaure jirginsa tamau kamar tsirkiyar molo a lokacin hunturu, da damina ta sauka zai tarar zaren ya ja siraran sanduna sun lanƙwashe. Saboda haka ja zare iyakar ya miƙe kawai, ka tsaya. Zaren roba irin na teloli bai cika damuwa da laima ba. In ka gama kuma, yi wa jirgin akwatin gilashi, domin ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin igiyoyi, ba tsumma ba buroshi.

Ginshiƙin da ya karkace fa? Muddin bai tsage ba, kwance zaren da ke jan sa, ka bar shi kwana biyu, galibi yakan koma daidai. Zaren da ya sarƙe kaɗai za ka yanke. Wannan ba tufka da warwara ba ce, gyara ne. Kuma in gajiya ta zo, ka tuna da fursunonin yaƙi na Faransa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon. Da ƙasusuwan naman da aka ba su suka riƙa sassaƙa irin waɗannan jirage, suna yin igiyoyi da gashi da zaren siliki, suna sayarwa. Wasu na nan har yau a gidajen tarihi. Kai kuwa ga katako, ga zane, ga fitila.

Malam, da fatan mun warware maka. In ka kammala, aiko mana da hoto jama'a su gani. Sauran masu sauraro kuma, ƙofa a buɗe take, a ci gaba da aiko da tambayoyi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.