Suɗaɗɗiyar Taya da Ruwan Farko

Duk girman mota da nauyin fasinjojinta, abin da ya haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne kacal, kowanne kamar faɗin tafin hannu. A nan birki yake kamawa, a nan sitiyari yake samun biyayya. Masana kimiyya suna kiran wannan riƙo gogayya: roba tana lotsawa cikin kaushin kwalta, ta damƙi tsakuwarta, sannan ta saki.

Abin da nake fata direbobinmu su gane shi ne, ba don busasshiyar hanya aka yi zanen jikin taya ba. Motocin tseren Formula 1 ma tayoyi marasa zane suke sawa idan ba a ruwa. Zanen nan magudana ce, aikinsa korar ruwa domin roba ta taɓa kwalta. Shi ya sa suɗaɗɗiyar taya take yaudarar mai ita. Tun daga Nuwamba har Afrilu tana kai shi Zariya daga Kano lafiya lau, har ya riƙa ce wa fakaneza ai da sauranta.

Sai ranar ruwan farko. Ƙurar hunturu da baƙin mai da garin roba da suka yi watanni suna taruwa a kan titi sukan jiƙe, su yi yauƙi kamar miyar karkashi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana bukatar kimanin mita 55 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta, bayan an taka birki. A jiƙaƙƙiya, abin yakan kusanci mita 100. Kuma duk wanda ya ninka gudunsa, tazarar tsayawarsa ninki huɗu take yi. Idan ruwan ya fi ƙarfin zanen, sai taya ta hau kansa tana sulɓi, sitiyari ya zama abin ado.

Tsufa ma yana cin roba, ta taurare ko da zanenta bai taɓu ba. A ganina nan ne babban haɗarin tayoyin gwanjo. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana hawa tayar ƙaramar mota da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, mu kuwa irin waɗanda suka yar muke saye da kuɗinmu. Kafin ka biya, duba lambobi huɗu da ke gefen tayar: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka ƙera ta.