CIWON NONO A JIKIN CINCILA MAI SHAYARWA: MAGANIN DA KE WARKAR DA MUTUM YANA IYA KASHE TA

Daga Wakilinmu

Masu kiwon cincila a ƙasashen Turai da Amurka suna da wata alama da suke fargabar gani a makonnin farko bayan haihuwa. Uwar da jiya take tsugune 'ya'yanta suna tsotso a ƙarƙashinta, yau da sun matso kusa sai ta zabura, ta kore su, wani lokaci har ta kai musu cizo. Wanda bai san dabbar ba sai ya ce mugun hali ne ya taso mata. Likitocin dabbobi kuwa nononta suke fara dubawa, domin sau da yawa kumburi da raɗaɗi ne suke sa ta ƙi 'ya'yan da ta haifa. Da zarar haka ta faru, ran uwar da na 'ya'yan duka suna cikin haɗari, kuma kwanakin da za a iya ceto su a ciki ba su da yawa.

Asalin Dabbar

Cincila ƙaramar dabba ce mai manyan kunnuwa da wutsiya mai gashi, wadda a ido take kama da abin da ke tsakanin zomo da kurege. Masana sun sa ta cikin dangin beguwa da ɓeran Masar. Nauyin babba yakan kama daga giram 400 zuwa 800, kuma macen ta fi namijin girma. Asalinta duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, inda ake da sanyi da ƙarancin ruwan sama, saboda haka Allah ya yi mata gashi mai laushi da kauri ƙwarai, har akan sami sili 50 ko fiye suna fitowa daga rami guda na fata.

Wannan gashi shi ya jawo mata masifa. Mafarauta sun yi ta kama ta ana kai fatun Turai domin ɗinka riguna masu tsada, har ta kusa ƙarewa. A 1910 ƙasashen Chile da Peru da Bolibiya da Ajantina suka ƙulla yarjejeniyar hana farautarta. A 1923 kuma wani injiniyan ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai waɗansu 'yan kaɗan da ya kama a Chile zuwa jihar Kalifoniya, guda 11 ne ya tattara, kuma daga gare su ne akasarin cincilar da ake kiwo a yau ta samo asali. Da farko don fata ake kiwonta, daga baya mutane suka shiga ajiye ta a gida don sha'awa, kamar yadda ake ajiye aku ko kyanwa. Idan ta sami kulawa takan yi shekara 10 zuwa 15 a raye, wani lokaci fiye da haka.

Yadda Cutar Ke Farawa

Cincila takan yi kimanin kwana 111 da ciki, watau fiye da ninki uku na kwanakin zomo. Takan haifi ɗa ɗaya zuwa shida, amma biyu ne aka fi gani. 'Ya'yan suna fitowa da gashinsu, idanunsu a buɗe, kowanne da nauyin giram 30 zuwa 60, kuma cikin sa'o'i kaɗan suna yawo a cikin keji. Abin da ya fi muhimmanci a wannan magana shi ne suna zuwa duniya da haƙoran gaba masu kaifi.

Uwar tana da nonuwa shida, huɗu a gefen haƙarƙari, biyu kusa da mara, dukkansu a ɓoye cikin gashi. Wani lokaci ruwan nono yakan yi jinkirin zuwa har kwana biyu ko uku bayan haihuwa, ko kuwa ya zo bai ishi 'ya'yan ba, musamman idan sun kai uku ko huɗu. To, ɗan da ya tsotsa bai sami kome ba sai ya shiga ja da cizo, kuma 'yan'uwan su dinga faɗa a kan nono ɗaya. Ta haka kan nonon yake samun rauni. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fata da shimfiɗar keji, waɗanda suka fi yawa su ne irin da ake kira sitafilokokus, sai su bi ta raunin su shiga ciki su yaɗu.

Akwai wata hanya kuma. Idan 'ya'yan suka mutu, ko aka raba su da uwar farat ɗaya, nono yakan taru ya daskare a ciki, kuma nonon da ya kwanta mazauni ne mai kyau ga ƙwayoyin cuta. Keji mai datti ko danshi, da waya mai tsini da ke karce cikin uwar, duk suna ƙara buɗe wa cutar ƙofa.

Alamomin Da Ake Dubawa

Dabbobi irin su cincila, waɗanda a daji abincin waɗansu ne, suna da ɗabi'ar ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Don haka sau da yawa a jikin 'ya'yan ake fara gane matsalar uwar. Ɗan da ya ƙoshi cikinsa yakan yi taf, jikinsa da ɗumi, wutsiyarsa a ɗage. Wanda ke jin yunwa kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana kuka, yana faɗa da 'yan'uwansa, daga baya ya yi laushi ya lafe a lungu.

Wannan ne ya sa ƙwararrun masu kiwo suke auna kowane ɗa a kan ƙaramin sikeli kullum, a lokaci guda, su rubuta. Ba laifi ba ne ɗa ya ɗan rage nauyi a kwana ɗaya ko biyun farko. Bayan haka ya kamata ya riƙa ƙara kimanin giram biyu ko uku kowace rana. Idan nauyin ya tsaya cik, ko ya ci gaba da raguwa, to, lokacin duba uwar ya yi.

Akan buɗe gashin a hankali a duba nonuwan ɗaya bayan ɗaya. Nonon da ya kamu yakan kumbura, ya yi tauri da zafi, fatar ta yi ja, kuma dabbar takan zabura idan an taɓa. Ruwan da ke fita yakan yi kauri ko gudaji, ko ya gauraya da jini ko mugunya. Idan fatar ta fara komawa shuɗi-shuɗi ko baƙi, ko uwar ta daina cin abinci ta takure wuri ɗaya, alama ce cutar ta yi nisa, tana iya shiga jini, kuma ba a kwana da ita ba tare da an ga likita ba.

Haɗarin Maganin Da Bai Dace Ba

A nan ne masu kiwo da yawa suke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Mutum ya ga kumburi da mugunya, ya tuna da sauran kafson da aka ba shi lokacin da ya yi ƙurji, sai ya fasa ɗaya ya jiƙa ya ɗura wa dabbar. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Cincila ciyawa take ci, kuma ba ta iya narkar da ita da kanta. Kamar doki da jaki da zomo, tana da wani babban aljihu a hanjinta wanda ke cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suke sarrafa mata ciyawar ta zama abinci. Waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, idan aka ba ta su ta baki, sai su share waɗannan masu amfani, su bar wa miyagu fili, musamman irin da ake kira kulostiridiyum. Su kuma miyagun su hayayyafa su zubar da dafi a cikin hanji. Abin da ke biyo baya shi ne zawo da kumburin ciki, sa'an nan mutuwa cikin 'yan kwanaki, ko da nonon ya fara sauƙi. Magungunan da likitoci suka yi gargaɗi a kansu sun haɗa da fenisilin, amfisilin, amoksisilin, linkomaisin, kilindamaisin da eritiromaisin. Duk magunguna ne masu kyau da suka ceci mutane da shanu bila adadin, amma hanjin cincila ba ya ɗaukar su.

Likitan da ya san irin waɗannan dabbobi yakan matsi ɗan ruwan nonon ya aika ɗakin gwaje-gwaje, domin a gane ƙwayar cutar da maganin da ke jin ta. Kafin sakamako ya fito yakan fara da waɗanda aka san hanjin yana jurewa, irin su enrofuloksasin ko haɗin tirimetofirim da salfa, gwargwadon nauyin dabbar. Yakan haɗa da maganin rage raɗaɗi, galibi meloksikam, domin cincilar da ke jin zafi takan ƙi cin abinci, kuma idan ta daina ci hanjinta yakan tsaya, wanda shi ma ajali ne. Da yake magani yana bin ruwan nono ya isa ga 'ya'ya, likita ne zai yanke shawarar ko su ci gaba da tsotso ko a janye su. Idan mugunya ta taru ta zama ƙurji, akan sa dabbar barci a fasa a wanke, kuma idan naman ya mutu akan yanke shi.

Aikin Da Ke Kan Mai Kiwo

Sauran aikin a gida yake. Akan jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a matse, a gasa nonon na 'yan mintoci sau biyu ko uku a rana, domin ya saki kuma zafin ya ragu. Sai dai wajibi ne a busar da gashin sarai bayan an gama, saboda gashin cincila yana riƙe danshi, danshi kuwa yana jawo cutar fata irin ta makero. Akan canza shimfiɗar keji kullum. Akan kuma ɗauke kwanon ƙurar da take birgima a ciki, wanda shi ne wankanta, don kada ƙura ta shiga raunin. Mai kiwo ya riƙa lura da kashinta: idan ya ragu ko ya ƙanƙance, alama ce ba ta ci sosai, sai a dama mata abincin ciyawa da likita ya bayar a ɗura mata da sirinji.

'Ya'yan su ne suka fi cin lokaci. Idan akwai wata uwa da ta haihu a kwanakin kuma 'ya'yanta ba su da yawa, akan gwada ba ta riƙo, kuma sau da yawa takan karɓa. In babu, sai shayarwa da hannu. Masu kiwo sun fi amfani da madarar akuya mai ɗumi, a ba da ita da sirinji marar allura duk bayan sa'a biyu, dare da rana, a makonnin farko. Akan riƙe ɗan a tsaye, a ɗiga madarar a leɓensa ya lasa da kansa. Ba a matsa masa ita a baki, domin idan ya ƙware ta shiga huhu, ciwon huhu zai kashe shi da sauri fiye da yunwa. Bayan ya sha, akan shafa cikinsa da marar da auduga mai ɗan danshi, kamar yadda uwar take lasar sa, don ya yi fitsari da kashi. Abin da ke sauƙaƙa wahalar shi ne 'ya'yan cincila suna fara taɓa ciyawa tun a makon farko, kuma akan yaye su a mako shida zuwa takwas.

Rigakafin cutar ba shi da wuya: keji mai tsabta, busasshiyar ciyawa mai kyau da ruwa isasshe ga uwa, duba nonuwa kullum, da auna 'ya'ya. Idan sun yi yawa akan raba su kashi biyu su riƙa tsotso bi da bi, don kada faɗa ya ɓarke. A da waɗansu masu kiwo sukan datse haƙoran 'ya'yan, amma likitoci suna hana haka, domin haƙorin yana iya tsagewa har cikin dasashi.

Darasi Ga Masu Kiwon Zomo

Cincila ba dabbar ƙasar Hausa ba ce, kuma da wuya ta zama. Zafin da ya haura digiri 27 ko 28 na ma'aunin santigired yana iya sumar da ita, alhali a Kano ko Sakkwato ko Damagaram bazara takan kai digiri 40. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Zomon da matasa da matan aure suke kiwo a bayan ɗaki hanjinsa iri ɗaya ne da na cincila, kuma zomanya mai shayarwa tana kamuwa da wannan ciwon nono, har nonon ya koma shuɗi ta mutu ta bar 'ya'ya.

Kafson Ampiclox da na amoksisilin da ake samu a kantunan magani suna cikin jerin waɗanda ba a ba zomo ta baki. Akwai lokacin da likita kan yi wa zomo allurar fenisilin, amma wannan hukuncinsa ne, bisa awo. Akwai kuma bambanci guda da ya kamata a kiyaye: likitoci suna gargaɗin kada a kai 'ya'yan zomanyar da ta kamu wurin wata uwa mai lafiya, domin sukan ɗauki ƙwayar cutar a bakinsu su shafa mata. Wanda ya ga zomanyarsa ta ƙi shiga akwatin 'ya'yanta, ko ta daina cin harawa bayan haihuwa, ya juya ta ya duba nonuwanta a ranar, sa'an nan ya nufi asibitin dabbobi mafi kusa kafin ya ba ta kowane irin magani.