Kek Ɗin Biki: Asalinsa, Zaɓensa Da Rabonsa

Ga bayani a kan wani baƙon abinci wanda ya shigo bukukuwan aure a biranenmu, har ya sami wurin zama kusa da alkaki da nakiya da dubulan, watau kek ɗin biki. Tun da yake sau da yawa uban amarya ko ango ne mai biyan kuɗinsa, ya kamata a san asalinsa da ƙa'idarsa, domin kada a sayi abu da ka.

Ku sani wannan al'ada ta Turawa ce, a Ingila kuwa ta ƙasaita. A shekarar 1840, sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta yi aure, an yi mata kek mai nauyin laba wajen 300, kewayensa ƙafa 9, aka lulluɓe shi da farin sukari. A wancan zamani tataccen sukari tsada gare shi, saboda haka farin kek shaidar wadatar gida ne. A 1947 kuma, da Gimbiya Elizabeth ta auri Filib, aka yi kek hawa 4, tsawonsa ƙafa 9, nauyinsa laba wajen 500. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, sukari da man shanu sai da kati ake samunsu a Ingila, don haka daga Ostareliya aka aiko da yawancin kayan haɗinsa gudummawa. Da takobin ango aka yanka shi, aka fitar da yanka wajen 2,000, aka aika wa mutane na kusa da na nesa. To, ga abin lura: girmansa gwargwadon masu cinsa ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mas'ala ta farko ita ce lissafi. Kafin ka je wurin mai gasawa, ƙidaya bakunan da za su ci. Yankan biki a wurin masu sana'ar shi ne inci 1 a faɗi, inci 2 a tsawo, inci 4 a tsaye. Bisa wannan awo, kek mai da'ira na inci 6 yana ba da yanka wajen 12, na inci 8 wajen 24, na inci 10 wajen 38. In an ɗora ukun nan, mutum saba'in da 'yan kai za su samu. Wanda ya gayyaci mutum 300, hawa ukun nan ba za su kai ko'ina ba. Dabarar masu hankali ita ce a yi madaidaici don idon jama'a, sa'an nan a gasa wani shimfiɗaɗɗe a faranti, marar ado, a yanka shi a kicin. Ɗanɗano ɗaya, kuɗi kuwa ba ɗaya ba, domin yawancin tsadar kek ladan aikin ado ne. Ka kuma tambaya ko dukan hawan na ci ne, gama akan lulluɓe soso mai tauri da sukari a sa shi don ƙarin tsawo. Ba laifi in da saninka ne, amma kada a sayar maka da soso a farashin fulawa da ƙwai.

Mas'ala ta biyu, abin da ke cikinsa. Kek ɗin biki na Ingila na asali da zabibi da sauran busassun 'ya'yan itace ake yinsa, kuma akan jiƙa shi da barasa domin ya daɗe bai lalace ba. Shi ya sa aka iya ajiye hawa guda na kek ɗin 1947 har zuwa bikin baftismar ɗansu na fari, Charles, a 1948. Kai, har a 2024 an yi gwanjon yanka guda nasa a Ingila a kan fam 2,200. Saboda haka Musulmi ya tambayi mai gasawa a fili: an sa barasa? Ya tambayi kuma lulluɓin, domin wani irinsa akan haɗa shi da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, har da alade. Tambaya ba ta zama ƙauyanci ba. Haka nan in akwai gyaɗa a ciki a sanar da baƙi, gama akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta ko kaɗan.

Mas'ala ta uku, zafin ƙasa. Lulluɓin da aka yi da man shanu yakan soma narkewa in zafi ya kai digiri 32, alhali kuwa a Kano da Sakkwato bazara takan kai 40. Kek ɗin da ya kwana lafiya a Landan, a nan sai ya zube kafin amarya ta iso. In bikin na bazara ne, a zaɓi lulluɓin sukari mai tauri, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi, kada a fito da shi sai an kusa yankawa. A mota kuwa a ɗauko shi hawa-hawa bisa shimfiɗa madaidaiciya, a harhaɗa a wurin biki.

Mas'ala ta huɗu, rabo. Ango da amarya su yi yankan fari daga hawan ƙasa, sa'an nan a janye kek ɗin gefe. A sauke hawan ɗaya-ɗaya, a zare sandunan da aka kafa a ciki don tallafe nauyi. A yanka da doguwar wuƙa wadda aka tsoma a ruwan zafi aka goge, layi-layi, ba kamar yankan kankana ba. A ɗora mutum guda amintacce a kan wannan aiki, ya fara da dattawa da iyaye da baƙin nesa, ya keɓe rabon maƙwabta da waɗanda uzuri ya hana su zuwa. Kada a yi jinkiri har mutane su soma watsewa.

Ya kai mai aurar da ɗiya, kada tsawon kek ɗin maƙwabci ya sa ka ci bashi. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kek hawa biyu da ya isa hannun kowa ya fi hawa bakwai da aka kalla aka tashi ba a ɗanɗana ba. Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, amin. Haza wassalam.