Sauya kwanan wata a harshen SQL

Sauya kwanan wata a harshen SQL shi ne mai da rubutu kamar 03/04/2021 ya zama kwanan watan da rumbun bayanai zai iya lissafi da shi, ko kuma fito da kwanan watan da aka adana a sigar da mutum zai karanta. SQL harshe ne na kwamfuta da ake amfani da shi wajen adana bayanai da nemo su a rumbuna irin su Oracle, MySQL, PostgreSQL da SQL Server. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a farkon shekarun 1970. An fitar da ƙa'idarsa ta bai ɗaya a 1986, amma sai a bugun 1992 aka shigar da nau'o'in DATE, TIME da TIMESTAMP tare da umarnin CAST. Kafin nan kamfanoni sun riga sun samar da nasu hanyoyin, shi ya sa umarnin ya bambanta daga rumbu zuwa rumbu har yau.

Abin da aka adana da abin da ake gani

Yawancin rumbuna ba sa adana kwanan wata a matsayin rubutu. A matsayin lambobi suke riƙe shi, ba shi da wata siga sai an zo nuna shi. Wannan ne ke ba da damar jera ranaku bi da bi, ko gano kwanakin da ke tsakanin ranaku biyu. Idan aka adana shi a matsayin rubutu, kwamfuta za ta jera shi harafi bayan harafi, sai 01/12/2023 ya riga 15/01/2020 saboda kawai ya fara da sifili.

Babbar matsalar tana wajen shigar da bayanai. A Najeriya da Birtaniya, 03/04/2021 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris ne. Idan mai rubuta umarni bai fayyace siga ba, rumbun zai bi saitin da aka yi masa. Ranar da ta wuce 12 ga wata takan tona kuskuren, tunda babu wata na 13, sai rumbun ya ƙi karɓa. Amma daga 1 zuwa 12 ga wata komai zai shige shiru, a samu ranar haihuwar ɗalibi ko ranar biyan bashi ta canza ba wanda ya lura. Don kauce wa haka ake amfani da ƙa'idar ISO 8601 da aka fara wallafawa a 1988, wadda ke sa shekara a gaba, sai wata, sai rana: 2021-04-03.

Umarnin kowane rumbu

Oracle da PostgreSQL suna amfani da TO_DATE wajen mai da rubutu kwanan wata, da TO_CHAR wajen yin akasin haka. Misali, TO_DATE('03/04/2021', 'DD/MM/YYYY') yana ba da 3 ga Afrilu ba tare da shakka ba. A nan MM wata ne, MI kuma minti, kuma masu koyo kan rikita su, sai su ga lambar wata ta fito a gurbin minti.

A MySQL ana amfani da STR_TO_DATE da DATE_FORMAT, da alamomi masu farawa da %. Girman harafi yana da muhimmanci: %m lambar wata ce, %M sunan wata, %Y shekara mai lamba huɗu, %y mai lamba biyu.

SQL Server na kamfanin Microsoft ya bi wata hanya dabam, inda umarnin CONVERT ke karɓar lambar salo. Lamba 101 salon Amurka ce, 103 na Birtaniya da Faransa, 112 kuma tana ba da 20210403 ba tare da alamar rabewa ba. A bugun 2012 aka ƙara FORMAT, wanda ya fi sauƙin karantawa amma ya fi jinkiri idan bayanan na da yawa, da TRY_CONVERT, wanda ke ba da NULL maimakon ya tsayar da aiki idan rubutun ba kwanan wata ba ne. Tsohon nau'insa na datetime ba ya karɓar ranar da ta gabaci 1 ga Janairu 1753. Dalili shi ne a watan Satumban 1752 Birtaniya ta koma kalandar Giregori, aka tsallake kwana 11.

SQLite, wanda ke cikin wayoyin hannu da yawa, ba shi da nau'in kwanan wata ko kaɗan. Yana adana shi a matsayin rubutu ko lamba, umarnin strftime ke tsara shi.

Shekara mai lamba biyu

Idan aka rubuta shekara da lamba biyu, dole rumbun ya yi hasashen ƙarni, kuma ba su yarda da juna ba. MySQL na ɗaukar 70 zuwa 99 a matsayin 1970 zuwa 1999, sannan 00 zuwa 69 a matsayin 2000 zuwa 2069. SQL Server a saitinsa na asali yana yanke iyaka a 2049. Ke nan wanda aka haifa a 1965, idan aka rubuta 65, zai zauna daidai a SQL Server, amma MySQL zai tura haihuwarsa zuwa 2065. Irin wannan taƙaitawa ce ta haddasa fargabar shekarar 2000 a duniyar kwamfuta.

Kalandar Hijira

SQL Server yana da salo 130 da 131 don nuna kwanan wata a kalandar Musulunci. Lissafi tsantsa yake bi, wanda ake kira lissafin Kuwait, ba ganin jinjirin wata ba. Saboda haka ranar da ya bayar tana iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu da wadda aka sanar a ƙasashen da ke dogara da ganin wata, kamar Najeriya.