2.3 Zayyana da Rubutun Bango a Ƙasar Gumel

Kafin yaɗuwar siminti da fenti, adon bango a ƙasar Gumel aikin magina ne. Magini kan fitar da siffar dagi ko takobi a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye, kuma mai gida ne ke biyan sa, domin zayyana shaida ce ta wadata da matsayi. Rubutun bango kuwa ya saɓa wa wannan, saboda galibi matasa ke yin sa da gawayi ko alli ko fenti, ba tare da izinin mai katanga ba.

Siyasa ce ta fi raya shi. A zaɓen 1979 an riƙa zana mabuɗin PRP da gida da masara na NPN, a 1993 kuma dokin SDP da mikiyar NRC. Abin lura a nan shi ne, alama ta fi haruffa tasiri, don ko wanda bai yi boko ba, ko baƙon da ya tsallako daga Nijar cin kasuwar Alhamis ta Maigatari, yana gane ta. Illar ita ce, jama'a kan ɗauki zanen a matsayin ra'ayin mai gida, alhali wataƙila kwana ya yi ya tashi ya gan shi a katangarsa.