Uwargida, Akwatin Rediyo Ba Na Zaɓe Kaɗai Ba Ne

Yau zancenmu a kan akwatin rediyo ne. Abin da na lura da shi a gidaje da yawa, nan Dandume da ƙauyukanta, shi ne mace ba ta kula akwatin sai ta ji an soma zaɓe. Da an ce ga labaru, ko ga likita zai yi bayani, sai ta murɗe shi ta koma bakin turmi. Lalle wannan hasara ce. Yinin gidan rediyo kamar kasuwarmu ta hatsi yake, ga wajen masara, ga wajen wake, ga na shinkafa. Wadda ta tsaya wurin mai alewa kaɗai ba za a ce ta ci kasuwa ba.

Bari mu ɗauki gidan da iyayenmu suka fi sabawa da shi, watau Rediyon Kaduna. An buɗe shi a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, don Jihar Arewa, sa'an nan a 1978 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Ban da Hausa da Turanci, ya yi wa jama'a magana da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Sunayen shirye-shirye sukan sauya, wani ya tsufa a ajiye shi, wani ya fito, amma tsarin yinin irin waɗannan gidaje bai cika sauyawa ba.

Da sassafe, sa'ad da kike dama koko, karatu ne da gaisuwa da labarun duniya. Kada ki ce labaru na maza ne. In an sanar da ranar rigakafin yara, ko ranar rufe rajistar jarrabawa, ko an ce damina za ta makara, wa abin ya fi shafa in ba ke ba? Shirin Barka da Yau ya yi suna ne don yakan tattaro rahoto daga garuruwa, mutum yana zaune a ɗaki ya ji abin da ake ciki a Sakkwato da Maiduguri.

Da hantsi zuwa azahar, maza sun watse, gida ya zama naki. Nan ne nake so ki buɗe kunne sosai duk sa'ad da kika ci karo da filin mata ko na kiwon lafiya. Ga misalin abin da akan koya. Yaro ya kamu da gudawa, ba gudawar ce ke saurin kashe shi ba, ƙarewar ruwan jikinsa ne. In babu ƙunshin garin nan na asibiti a kusa, sai a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6, a shafe bakinsu, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har a kai shi asibiti. Gishirin kada ya wuce haka, gama yawansa cuta ne. Haka kuma jariri, nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Na sani kakanni sukan yi gardama a kan wannan. To, ki jawo su kusa da akwatin, su ji daga bakin likita, ya fi ki tsaya musu da surukarki.

Filin manoma kuwa, mata da yawa sun ɗauka ba ruwansu da shi. Ashe? Tun da aka kawo babban aikin gona na Funtuwa a 1975 masara ta yawaita a ƙasarmu, kuma in amfani ya shigo gida, wa ke ajiyarsa, wa ke dafa shi? Malaman gona sun daɗe suna gargaɗi kada a zuba maganin feshi cikin wake don tsoron ƙwari, domin dafin yakan bi mutum har tukunya. Akwai buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Wadda ke sayen wake da kaka don ta sayar da bazara, wannan magana jarinta ce.

Ban ce ki bar nishaɗi ba. Ta ina zan faɗi haka, alhali Mamman Shata a Funtuwa ya yi zama mai tsawo, Barmani Choge mai amada kuma 'yar ƙasar Funtuwa ce? Wasan kwaikwayo ma makaranta ne. Manya ba su manta da Duniya Budurwar Wawa ba, balle Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, mutumin da ya sa farar hula suka san zaman bariki suna dariya. A Shafa Labari Shuni aka karanta wa mata littattafan Hausa, har waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba suka san marubuta. A Hannu da Yawa kuma aka zaunar da manya, talakawa suka ji su suna amsa tambaya.

Ku 'yan makaranta, ga naku aikin. Yanzu ba sai an jira akwatin Baba ba, ƙananan wayoyi da yawa suna kama rediyo. Ki sami takarda, ki ja layi bakwai na ranakun mako. Tashar da ta fi fita sarai a gidanku, ki saurare ta mako guda, ki rubuta sunan kowane shiri da lokacinsa. Na lafiya da na noma da na mata ki ja musu layi a ƙasa, ki manna takardar a bangon ɗakin Inna inda hayaƙi ba ya kaiwa. In lokacin ya yi ki tuna mata. Labarun Turanci kuma naki ne: kowace rana ki kama kalma uku da ba ki sani ba, gobe ki kai wa malama.