Wa ke tsaida ma'aunin kayan likita?

Kowa ya san abin da ke tada gardama a rumfar hatsi. Mai saye ya ce tiyar ƙarama ce, mai saidawa ya ce ita ce tiyar kasuwa, har sarkin kasuwa ya zo ya raba su. A nan, iyakar hasarar mutum ƴan tsabar gero ce. A gidan likita kuwa, in ma'auni ya saɓa, da rai ake biya.

Ku dubi allurar da majo ke yi wa yaro. Sau da dama sirinjin daga wata ƙasa ya fito, tsinken allurar daga wata, maƙeransu ba su taɓa ganin juna ba, amma da an haɗa su sai su zauna daram, ko ɗigo ba ya zuba. Bakin sirinjin nan ana ce masa Luer, da sunan wani gidan ƙera kayan likita na birnin Paris da ya yi suna a ƙarni na 19. Yana tsukewa a hankali, tsukewar kashi 6 cikin 100, kuma a 1986 ƙungiyar tsaida ma'aunai ta duniya, ISO, ta rubuta siffarsa a takarda mai lamba 594.

An kafa ISO a 1947, mazauninta birnin Janeba na ƙasar Suwis, kowace ƙasa da kujera guda. Aikin a kwamitoci ake yin shi, inda injiniyoyi da likitoci da masu masana'antu da wakilan hukumomi ke zama. Su rubuta, su aika wa ƙasashe, gyare-gyare su dawo, a sake zama, har shekaru su shuɗe. Takarda ba ta zama ƙa'ida sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen kwamitin sun yarda, kuma waɗanda suka ƙi ba su zarce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u ba. Bayan shekara 5 a sake duba ta. Ma'aikatan hukuma su lura da wani abu: ƙa'idar ISO ba doka ba ce. Tana samun ƙarfi ne ranar da gwamnati ta sa ta cikin dokarta, ko mai saye ya rubuta ta cikin sharuɗɗan ciniki.

Shi kansa bakin Luer ya nuna cewa ƙa'ida na iya cutarwa. Da yake yana da sauƙi, sai aka dasa shi ga kusan kowane tiyo na asibiti: na jijiya, na abinci, na allurar ƙashin baya. Ma'aikacin da ya kwana a tsaye yana iya haɗa tiyon madara da na jijiya, bakin kuma ya karɓa. A 2001, a birnin Nottingham na Ingila, wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu domin an yi masa a ƙashin baya allurar wani maganin kansa da jijiya kaɗai ake sa wa. Maimakon a tsaya ga yi wa ma'aikata gargaɗi, injiniyoyi suka koma kan ƙirar. A 2016 aka fitar da sassan ƙa'ida mai lamba 80369 da suka ba tiyon abinci bakinsa, na ƙashin baya nasa, ta yadda ko an so haɗa su ba za su shiga ba.

Sai dai masu zama a kwamiti abin da suka sani suke rubutawa. Babbar ƙa'idar na'urorin likita masu aiki da lantarki, wadda hukumar CEI ta fara bugawa a 1977, ta faɗa a bugunta na 1988 cewa na'ura ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 40 na zafi, da laimar iska tsakanin kashi 30 da 75 cikin 100. Wanda ya yi watan Afrilu a Tawa ko Damagaram ya san digiri 40 abin yau da gobe ne. Wanda ya yi hunturu a nan ya san iskarmu tana bushewa ƙasa da kashi 30 nesa ba kusa ba, ga ƙura tana cika kowace kafa. Na'ura tana iya cika ƙa'idar nan tsaf, ta iso gare mu ta kwanta cikin shekara.

Labarin firigon lamba shi ne ya nuna ana iya yin dabam. A 1974 ƙungiyar kiwon lafiya ta duniya, OMS, ta ƙaddamar da babban shirin yi wa yara rigakafin cututtuka shida: tarin fuka, maƙarau, tarin shiƙa, dahi, shan-inna da ƙyanda. Nan da nan aka ci karo da wata matsala. Maganin lamba yana son a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, tun daga masana'anta har hannun yaro. Firigon gida na Turai an ƙera shi domin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. A ƙauye sai firigon kananzir, mai lagwanin da ke son gyara kullum. Abin da ya fi muni, maganin da zafi ya kashe kamanninsa ba su sakewa. Uwa ta yi tafiyar rabin yini, a yi wa ɗanta allura, ta koma da kwanciyar hankali, ƙyanda ta zo ta same shi.

OMS da UNICEF suka bi wata hanya. Suka rubuta abin da suke so firigo ya iya, suka sa ɗakunan gwaji a Ingila da birnin Kali na ƙasar Kolombiya suna jarraba kayan kamfanoni, kuma daga 1979 suka riƙa buga littafin kayan da suka ci jarrabawa. Firigon da za a kai ƙasa mai zafi, a cikin ɗaki mai digiri 43 ake gwada shi. A cika shi, a jira ya daidaita, sa'an nan a yanke masa wuta a ƙidaya awa nawa zai riƙe sanyi. Tun da UNICEF ce babbar mai sayen irin waɗannan kaya, kamfanin da ke son ciniki dole ya bi. Ta haka aka sami firigo mai bangon ƙanƙara: ana jera ruwa cikin bangonsa, ya daskare sa'ad da akwai wuta, ya riƙe sanyi sa'ad da ta tafi, har awa 8 na wuta a yini su ishe shi. A 2010 kuma OMS ta amince da firigo na farko mai aiki da hasken rana ba tare da batir ba, wanda ke ajiye ƙarfin rana a matsayin ƙanƙara. Batir dama shi ne ke fara mutuwa cikin zafinmu.

Amma da aka duƙufa kan yaƙi da zafi, sai aka yi sakaci da sanyi. Maganin dahi da na ciwon hanta, da haɗin nan mai rigakafi biyar, daskarewa tana lalata su, kuma ba su farfaɗowa in sun narke. Wani nazari da aka buga a 2007, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa inda aka bi magani tun daga babban sito har ƙaramin gidan likita, kashi 75 zuwa 100 cikin 100 na kayan da aka aika sun gamu da sanyin daskarewa a wani wuri a hanya. Ma'aikaci mai himma, da ya cika akwati da ƙanƙara domin tsoron rana, shi ne ke kashe maganin bai sani ba. Aka sake komawa kan takarda, aka ƙara daraja ta musamman ga firigon da ba ya daskarar da magani ko ta ina aka ajiye shi a ciki.

A ganina, mafi hikima cikin aikin nan duka shi ne ɗan tambarin da ke jikin kwalbar magani. Da'ira ce, a tsakiyarta wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha, filin yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa. In duhunsa ya kai na da'irar, a zubar. An fara sa shi ga maganin shan-inna a 1996. Shi ma da ƙa'idarsa: akwai mai lamba 2, da 7, da 14, da 30, wato yawan kwanakin da zai yi a digiri 37 kafin ya cika. Ba ya bukatar wuta, kuma wanda bai shiga lakwal ba yana karanta shi.

Maganin sanƙarau da ake kira MenAfriVac ya ƙara taku guda. Bayan annobar 1996 da 1997, wadda ta kama mutane kusan 250.000 a ƙasashen Afirka ta kashe wajen 25.000, aka ƙera shi a Indiya musamman domin yankinmu, kuma Burkina Faso da Mali da Nijar ne suka fara amfani da shi a ƙarshen 2010. A 2012 aka tabbatar cewa yana iya kwana 4 a waje da firigo muddin zafi bai zarce digiri 40 ba. Aka gwada haka a Banikwara ta ƙasar Benin a watan Nuwamba na wannan shekara, aka yi wa mutane fiye da 150.000 lamba. Ana haɗa akwatin da wata ƴar takarda mai sake launi in zafi ya kai digiri 40. A bazararmu takardar nan tana da aiki.

Akwai inda gyara bai kammala ba. Ƴar na'urar nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa domin auna iskar oksijan da ke cikin jininsa, wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Haske take ratsa yatsa da shi, ta auna abin da jini ya shanye. To, fata ma tana shan haske. A jagorar da hukumar magunguna ta Amurka ta bayar a 2013, ya isa a gwada na'urar a kan mutum 10, a cikinsu biyu masu duhun fata. A watan Disamba na 2020, masu bincike na jami'ar Mishigan suka nuna cewa, cikin awon da na'urar ta ce iska ta wadata, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙar fata iskarsu ta yi ƙasa ƙwarai, alhali ga farar fata abin bai kai kashi 4 ba. Tun 1990 wasu likitoci suka ja hankali kan haka, shekara 30 ke nan kafin a saurara. A watan Janairu na 2025 hukumar ta gabatar da daftarin sabuwar jagora mai neman a yi gwaji a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata iri-iri. Wannan ba dalilin jefar da na'urar ba ne, domin tana ceton yara masu ciwon huhu. Amma in yaro yana numfashi sama-sama, lambar da ke yatsansa kada ta hana majo yarda da idonsa.

Afirka tana da nata wuraren zama. Ƙungiyar tsaida ma'aunai ta Afirka an kafa ta a 1977, mazauninta Nairobi, yarjejeniyar hukumar magunguna ta Afirka kuma ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021, da mazauni a Kigali. Kafin muryarsu ta kai Janeba, akwai abin da ke hannun ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kaya ko ke karɓar kyauta. Jagorar da OMS ta buga a 2000 kan kyautar kayan asibiti ta ce abin da bai cancanci aiki a ƙasar mai bayarwa ba, bai cancanci a yi kyauta da shi ba. Wutarmu volt 220 ce mai bugu 50, ta Amurka 120 mai bugu 60, kuma wannan kaɗai ya isa ya ƙone na'ura ranar da aka kunna ta. Sai a rubuta a takarda tun kafin kaya su taso: lambar ƙa'idar da na'urar ta cika, zafin da aka gwada ta a ciki, irin wutar da take ci, littafinta da Faransanci, inda za a sami kayan gyaranta, da wanda zai horar da mai aiki da ita.